Yadda Rashawa Suka Dubi Kayan Amurka a 1959

A cikin watan Yuli na 1959 Gwamnatin Amurka ta baje kolin kayanta a birnin Mosko, don a ga tsarin wa ya fi. Aka kai motoci da talabijin, har da gida sukutum mai injin wanki, kuɗinsa dala 14,000. Nixon, Mataimakin Shugaban Amurka, ya ce ma'aikacin ƙarfe ma yana iya sayensa, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Khrushchev, shugaban Tarayyar Soviet, bai yarda ba. Ya ce gidan Amurkawa shekara 20 yake yi, don magina su sake sayar da sabo, nasu kuwa har jikoki za su gada. Amma fa shi kansa ya kurɓi Pepsi a wurin, talakawansa kuma suka yi ta tururuwar kallo har mako 6.