Ƙarin Albashi da Aikin Yi ga Matasanmu



A watan Yuli na shekarar 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga albashi mafi ƙanƙanta daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000 a wata. A wannan shekarar kuma Gwamna Umar Namadi ya amince da biyan wannan kuɗi ga ma'aikatan Jihar Jigawa. Wannan abin murna ne, gama tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kayan masarufi suka yi tsada ƙwarai.

Amma mu tambayi kanmu: wa dokar ta shafa? Ba ta tilasta wa mai sana'ar da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ba ta shafi ɗan ƙodago a gonar riɗi ko ta zoɓo ba, balle yaron shago ko ɗan dako a kasuwar Shuwarin. Yawancin 'ya'yanmu a nan suke neman abinci.

Inda dokar take aiki fa? Masana sun rabu. Waɗansu sun ce in albashi ya hau, mai ɗaukar ma'aikata yakan rage hannu, ya zaɓi ƙwararre, ya bar sabon shiga. Amma binciken da aka yi a New Jersey ta Amurka bayan ƙarin albashi na 1992 bai ga aiki ya ragu a gidajen sayar da abinci ba. Ashe ƙarin ba ya kashe aiki kullum, ba ya kuma haifar da sabon gurbi. Saurayin da ya bar gona a Kiyawa ko Jahun ya tafi Dutse don ya ji labarin Naira 70,000, babu takarda, babu sana'a, zai iya komawa gida hannu biyu, damina kuma ta wuce shi.

Saboda haka, iyaye, ku sa yara koyon ɗinki, walda, gini ko gyaran babur tun da wuri. Matasa, kada ku raina noman rani da kiwo. Ƙungiyoyin mata da na matasa su yi adashi, su saya wa wanda ya gama koyo kayan aiki.

Mu kuma da muke ɗaukar 'yan ƙodago, ko da doka ba ta kama mu ba, mu biya su hakkinsu cikakke, a ranar da suka yi aikin.

Allah ya taimake mu.