Abin da Warwarar Jigo Ba Ta Iya Ɗauka



Duk wanda ya yi nazarin Hausa a jami'a ya san hanyar da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa a littafinsa Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa: a nemo jigo, a warware shi, a dubi zubi da tsari, a dubi salo. Hanya ce mai kyau. Sai dai wajen aiki da ita mun koyi wata ɗabi'a. Ɗalibi zai cika shafi uku da warwarar jigo, sannan a layi biyu ya ce waƙar 'yar ƙwar biyar ce, ga amsa-amonta, ya ajiye alƙalami. Ke nan a wurinsa ma'ana tana cikin jigo, tsari kuwa kwalliya ce. Wannan fahimta nake so mu yi jayayya da ita yau.

Mu ɗauki Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. In aka ce a faɗi saƙonta a zube, numfashi ɗaya ya isa: mai mulki ko alƙali ko talaka, wanda ya yi zalunci zai haɗu da wuta, wanda ya yi adalci zai sami rahama. Wa bai san haka ba? Kowane yaro ya ji shi a makarantar allo. To me ya sa waƙar take sa jikin dattijo ya yi sanyi?

Ku lura da ƙarshen baitocinta. Kowanne yana rufewa da kalmomin nan da suka zama sunan waƙar. Kafin a kai baiti na huɗu mai sauraro ya riga ya san inda za a sauka, har bakinsa yakan riga na mai rerawa. Da zarar ya furta, ya tashi daga wanda ake yi wa wa'azi ya koma mai shaida, ko da laifin da aka ambata nasa ne. Tahamisin kuma ya ƙara nauyin abin, domin ɗango uku da Isa ya sa gaban kowane biyu na asali suna jinkirta hukuncin. Mutum yana jin sa tafe, amma dole ya jira. Wannan jiran shi ne tsoron, kuma babu yadda za a yi a zuba shi cikin taƙaitawa.

Kada mu manta, Nana Asma'u tana iya rubutun zube, ta kuwa yi shi da Larabci. Amma da ta zo isar da saƙo ga matan karkara ta hannun jajoji, wato matan da ke jagorantar ƙungiyar 'Yan Taru, waƙa ta ba su, don ita ce ake haddacewa a tafi da ita gida ba tare da takarda ba.

Sai batun kari. Tun 1975 Farfesa Galadanci ya nuna yadda ma'aunin Larabci ya zauna daram a Hausa, saboda harsunan biyu duk suna bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Amma ba duka mawaƙa ne suka tsaya kan arulin Larabawa ba. Alhaji Aliyu Namangi na Zariya ya ɗora Imfiraji a kan kiɗan caji, kiɗan dandali da nishaɗi. Wato ya ɗauko karin da ƙafa ta saba taka rawa da shi, ya ɗora masa zancen mutuwa da kabari. Kunne yana jin daɗi, zuciya tana karaya, a lokaci guda. Wanda ya warware jigon Imfiraji zai kawo mana zancen kabarin, ya baro cajin a baya, alhali karon da ke tsakaninsu shi ne waƙar.

A nan rubutun boko ma ya ɗan cuce mu, tunda ba ya nuna tsawon wasali balle karin sauti. Ɗalibin da ya karanta baiti da ido kawai bai san inda ya yi nauyi ba. Haka waƙar Shata take komawa in an kwafe ta a takarda: maimaici ne zalla, don an cire kalangu da 'yan amshi, waɗanda su ke riƙe da ita.

Ban ce a daina warwarar jigo ba, da ita ake gane ko ɗalibi ya fahimci kalmomin. Roƙona ga malamai shi ne, kada a feɗe waƙa a aji sai an rera ta da murya tukuna, kuma a riƙa tambayar ɗalibi aikin da amsa-amo da kari suka yi wa ma'ana, ba sunayensu kaɗai ba.