KACALA TANA CIN TABKUNANMU: JAWABI GA MAKIYAYA DA MANOMA NA YEKUWA



Yau ba rigakafi ya kawo ni ba. Maganar ruwa ce. Duk wanda ke kai bisashe tabki a ƙasar Magariya da Dungas ya ga yadda kacala ke rufe bakin ruwa. Inda da shanu ke shiga sahu guda, yanzu sai su yi ta cunkuso a ƴar kafa ɗaya.

Abin ba a nan kaɗai yake ba. A fadamar Haɗeja da Nguru, bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani kamar da. Kacala ta samu wuri, ta toshe hanyoyin ruwa, gonaki da makiyaya suka lalace. Haka aka yi a kogin Senegal bayan madatsar Diyama ta 1986. Nan jihar Damagaram ma, ku tambayi mutanen Gidimuni. Dalili ɗaya ne: kacala tana son ruwa marar zurfi da ke kwance duk shekara. Yashi na cike tabki, zurfinsa na raguwa, ita kuwa tana ƙara shiga.

Mece ce ɓarnarta ga makiyayi?

Na ɗaya, ciwon hanta. A cikin ruwan da ciyawa ta rufe ne ƙananan katantanwa ke yaɗuwa. Tsutsar hanta sai ta bi ta jikinsu, sannan ta fito ta manne a ciyawar bakin ruwa. Saniya ta ci, shi ke nan. Za ku ga tana ramewa, nono ya ragu, ƙarƙashin haɓa ya kumbura. A mahauta mun sha yanke hanta mu zubar saboda ita.

Na biyu, matsattsaku da sauro. Na uku, jan baki na kwana a ciki, da safe ya faɗa wa gero. Na huɗu, masunta ba su iya jefa taru. In mashaya ta ƙuntata kuma, dabba sai ta ratsa lambu, rigima ta tashi.

To, ina mafita? Gayya. Mutum ɗaya ba ya iya wannan aiki.

1. A yanke ta ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi ɗaya, da lauje ko adda. Ta karanta take shaƙar iska. In ruwa ya rufe kututturen, saiwar sai ta ruɓe.
2. A yanke kafin ta fitar da kai. Kai guda na ɗauke da iri dubbai, iska ce ke watsa shi.
3. A maimaita sau 2 ko 3 in ta sake tohuwa. Yankan farko ba ya kashe ta.
4. A fitar da abin da aka yanke waje. In ya bushe, a yi zana ko rufin rumfa, ko a sa a ramin taki.
5. Wuta ba magani ba ce. Sama take ci, saiwa na nan.
6. Kada a zuba maganin kashe ciyawa a ruwan da mutane da bisashe ke sha.

A fara da mashaya, inda burtali ya sauka. Kada yara su shiga ruwan, saboda tsargiya. Manya su sa takalmin roba in da hali. Kafin ranar aiki, a sanar da mai gari da ma'aikatan gandun daji. Haka kuma kada kowa ya zuba wani baƙon kifi a tabki ba da saninsu ba.

Wanda ya ga alamun da na faɗa a garkensa, ya same mu a ma'aikatar kiwo. Ba kowane maganin tsutsa na kasuwa ke kashe ta hanta ba.

Kowane ƙauye da kowace ruga su ba da mutanensu, a tsai da rana tun kafin mu watse. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dukiyarmu.