Jawabi ga ƴan kasuwa da ma'aikata: teɓa ba ɗamara ba ce

Batun yau shi ne ƙarfin ciki.

Duk wanda ya bi babbar hanya daga Gidan Runji, ya ratsa Maraɗi, ya kai Agye da Gazawa, zai ga mutane iri biyu. Akwai manomi mai hauya da mai jan guga a rijiya, ciki a ɗame. Akwai kuma ɗan kasuwa da ke wuni zaune cikin kanti, da ma'aikaci bisa kujerar biro, waɗanda teɓa ke yi musu sallama da zarar an samu riba ko ƙarin girma. Jama'a na kiran ta shaidar arziki, amma bayan mai ita ya san nauyinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ke fama da ciwon baya a shekarar 2020.

Tsokar ciki hawa-hawa take, ta can ciki kuma ta kewaye mutum kamar ɗamara, tana tallafa wa ƙashin baya. Jahar da ta haifi Yakuba Ango Kantu, wanda ya ɗauki takobin kokowa na farko a Tawa a shekarar 1975, ta san ba a shiga fili da ɗamara sako-sako. Yawan zama yana sassauta wannan ɗamara, har buhun gero guda ya kwantar da magidanci kwana bakwai, kanti a rufe, aiki a tsaye.

Ga motsi na mai farawa, wanda tabarma kaɗai yake bukata. Mutum ya kwanta rigingine, ya lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, hannuwa bisa cinyoyi. Sai ya ɗame ciki, ya ɗaga kai da kafaɗu sannu a hankali yana fitar da numfashi, har yatsu su kusa gwiwa, ƙugu kuwa yana nan manne da tabarma. Ya ƙirga uku, sannan ya koma cikin natsuwa. A yi sau 8, a huta minti 1, a sake har zagaye 3. Hukumar, cikin shawarwarinta na 2020, ta ce babba ya ƙarfafa tsokokinsa aƙalla kwana 2 a mako.

Kada a fizgi wuya da hannu. Kada a riƙe numfashi, don yana tada hawan jini. Kada kuma a sa yaro ya danne ƙafafu a tashi zaune, domin nan aikin kan koma ga tsokar matsematsi, wadda ke jan ƙashin baya. Mai ƙaba, da mace mai juna biyu, da wanda aka yi wa aiki a ciki kwanan nan, su fara neman shawarar likita. Wanda ya ji zafi mai suka ya dakata.

Sai dai a san wannan motsi ba ya narkar da kitsen teɓa shi kaɗai. Wannan aikin tafiyar ƙafa ne, minti 150 a mako, da rage sukarin shayi da maiƙo. Hakimi da talaka duk ɗaya suke a nan, ba a aika yaro ya yi wa maigida.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.