Yaro da Waya: Daga Aji Shida Zuwa Ƙaramar Sakandare

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, malamanmu, iyaye maza da mata, sannunku da fitowa.

Maganata a kan yara ’yan shekara 10 zuwa 14 ce, domin a wannan tsakanin ne zaman yaro gaban waya yake ƙaruwa. Kafin nan aro yake yi. Ya karɓi ta mahaifiyarsa, ya ɗan kalli abin dariya, ta ce, "Kawo, za a kira ni." Ranar da aka bar masa tsohuwar wayar yayansa, ko Baba ya biya kasuwa ya sayo masa ta hannu saboda ya gama firamare, ranar aka cire wannan birki.

Babbar matsalar ita ce inda wayar take kwana. In a ɗakin samari ne, wa ya san ƙarfe nawa aka ajiye ta? Ga kamfanonin layi suna sayar da data mai arha daga tsakar dare zuwa asuba, yaran kuma sun fi mu sanin farashinta. Likitoci sun ce ɗan shekara 13 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. To wanda ya kai ƙarfe biyu yana TikTok, ya tashi sallar asuba, da safe boko, da yamma Islamiyya, ina zai samo su? Sai malam ya ce yaro ya daina ganewa, a yi ta dukansa, alhali barci ne ke cinsa.

A 2020, da korona ta rufe makarantu wata da watanni, yara da yawa suka saba da waya. An koma aji, sabon bai tafi ba.

’Yan mata kuma kada mu yi saurin zarginsu. Mun hana su fita, dandali ya mutu, ƙawaye duk suna WhatsApp. Ina za ta yi hira?

Facebook da TikTok da kansu sun ce sai mai shekara 13, amma yaro ƙara wa kansa shekaru yake ya wuce. Ostireliya har doka ta yi a 2024, ta hana ’yan ƙasa da shekara 16 shiga irin waɗannan shafukan. Mu ba sai mun jira majalisa ba. Sai dai, alhazai, ku yi mini haƙuri: uban da ke cin tuwo da dama yana latsa waya da hagu, da wane baki zai tsawata?

Roƙona, ranka ya daɗe, a tsayar da magana ɗaya a unguwar nan: bayan sallar isha’i, wayar yaro ta kwana a ɗakin mahaifiyarsa, can za a yi mata caji. In gida ɗaya ya yi, yaro zai ce an tsane shi. In layin duka ya yi, ba shi da wanda zai kira da daren. Mai tambaya ya ɗaga hannu.