Yini Guda A Badagry: Jawabi A Taronmu Na Shekara



Kwamiti ya ba ni minti goma in yi bayanin wuraren buɗe ido a gefen Legas, tunda aiki ya zaunar da ni can. Zan tsaya a kan gari ɗaya, Badagry, domin akwai roƙon da nake so in yi a kansa.

Badagry tsohuwar tashar jiragen ruwa ce, yamma da Legas, dab da Seme, kan iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Mai son zuwa ya dawo a yini guda, to da sallar asuba zai kama hanya. Ranar da muka je ni da iyali sai da muka karya kumallo a tsanake, saboda haka azahar a mota ta same mu.

Masu yi wa baƙi jagora sukan fara da gidan benen da 'yan mishan suka gama ginawa a 1845, wanda ake kira bene na farko a Nijeriya. Na ce wa yaron da ke zagayawa da mu, mu mutanen Kano da Zariya da soraye da benaye na ƙasa muka buɗe ido, ya dai ce na farko irin ginin Turawa. Dariya kawai ya yi. Daga nan akwai wurin da itacen Agia ya tsaya, inda aka yi wa'azin Kirista a 1842, sai gidan tarihi a tsohon ofishin Di'o. Waɗannan awa ɗaya ta ishe su.

Inda jikina ya yi sanyi shi ne gidan Seriki Abass. Kun ji sunan, Sarki ne aka juya shi da harshen Yarbawa. Shi kansa bawa ne tun yana yaro, daga baya ya zama babban dillalin bayi, ya kuma zama Sarkin Musulmin Badagry, ya rasu a 1919. A gidan nasa akwai 'yan ɗakuna da ake tsare bayi kafin jirgi ya zo, kowanne da ƙaramar taga can sama. Na shiga ɗaya aka turo ƙofa, ban cika minti biyu ba na ce a buɗe. Mari da sarƙoƙi suna nan, a nan da gidan iyalan Mobee, har aka bar ni na ɗaga ɗaya na ji nauyinta.

Daga nan sai kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu. Idan an sauka, tafiya ce a ƙasa cikin rairayi da itatuwan kwakwa har bakin teku, wurin da ake kira inda ba a dawowa. A hanya akwai rijiyar da mutanen garin ke cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida. Ku riƙe ruwan sha da hular rana, zafin wurin ba na wasa ba ne.

A aji uku Malaminmu na tarihi, ga shi nan zaune, Allah ya ƙara masa lafiya, ya koya mana cewa Clapperton daga Badagry ya tashi a Disambar 1825 ya nufi wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a Sakkwato ya mutu a 1827. Na rubuta, na ci jarrabawa, amma ban taɓa tambayar kaina ba, hanyar da ta kawo Bature Sakkwato, wa take kaiwa teku? Mutanenmu ne cikinsu. Hausawan da aka kama a yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 an bi da su ta ƙasar Oyo zuwa Badagry da Legas da Porto-Novo, aka loda su zuwa Bahia ta ƙasar Brazil. A can Hausawa suka shirya tawaye a 1807. A 1835 kuma, cikin watan azumi, bayi Musulmi, yawancinsu Yarbawa da wasu Hausawa, suka tashi a birnin Salvador, aka samu layu da rubutun Larabci a jikinsu. Ba kuma Bature ne ya shigo ƙauyukan Arewa ya kamo su ba. A tsakaninmu aka kama, aka sayar, aka karɓi kuɗi. Wannan ba ta da daɗin faɗa, amma a gaban malamanmu ba zan ɓoye ba.

Ɗana da ke aji biyar ya tambaye ni a bakin tekun, "Baba, ashe da mu a ciki?" Shi a zatonsa labarin mutanen kudu ne. Na tabbata ƙannenmu da ke makarantar nan yanzu haka suke zato.

Roƙona shi ne, cikin kuɗin da muka ware na fenti da gyaran zaure, a cire na mota ɗaya a kai 'yan ajin ƙarshe Badagry da malamai biyu a hutun ƙarshen zango. Masauki da abinci na kwana biyu, reshen Legas mun ɗauka. Mai girma shugaba, ina roƙon a saka wannan cikin abubuwan da za a kaɗa wa ƙuri'a yau kafin mu tashi.