Amana a Teburin Ba da Kwangila



Ya ku 'yan'uwa, maganarmu a yau a kan jami'in gwamnati ce wanda aka ɗora wa alhakin ba da kwangila. Idan rufin makaranta ya yaye a daminar farko, to ɓarnar ta faro ne tun daga teburin da aka zaɓi ɗan kwangila.

Nijeriya ba ta rasa dokoki ba. Dokar sayayyar gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta wajabta a tallata aiki, a buɗe takardun masu nema a bainar jama'a, sannan a ba mafi rangwamen farashi daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Tsarin Mulkin 1999 kuwa ya tilasta wa jami'i ya bayyana kadarorinsa idan ya kama aiki, da bayan kowace shekara 4, da lokacin barinsa, ya kuma hana shi karɓar kyauta saboda aikinsa.

Amma cin hanci ba ya zuwa da sunansa. Yakan zo a matsayin goro, ko ragon layya, ko kujerar Makka. Lokacin da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka ya ware wani kaso a matsayin kyautar da aka yi masa, Manzon Allah (SAW) ya hau mumbari ya yi inkari, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna, da kyautar ba ta zo ba. Sayyidina Umar (RA) kuma yakan rubuta dukiyar gwamna lokacin naɗi, ya bincike shi daga baya.

Saboda haka muna kira da abubuwa biyu. Na farko, kada a zaunar da kowa a kwamitin kwangila sai an horar da shi, ya san cewa idan kamfanin surukinsa na cikin masu nema, wajibi ne ya bayyana, ya janye. Na biyu, a riƙa auna abin da jami'i ya rubuta da abin da ya mallaka, kuma mai binciken kada ya zama a ƙarƙashin wanda yake bincika.

Mu ma da laifinmu, domin mu ne muke kiran mai riƙon amana wawa idan ya yi ritaya yana gidan haya. Allah Ya shirye mu baki ɗaya.